Daga Ɗakin Baffa Zuwa Banɗaki

Baffa surukina ne, mahaifin maigidana. Gida ɗaya muke da shi a Dogo Nini tun da aka kawo ni, ɗakinsa yana jikin zaure, namu yana can ciki. Maigidana shi ne ɗansa na fari, saboda haka kunyar da ke tsakanina da tsohon ta ninka ta kowace suruka. Ba ya kiran sunana, ba na haɗa ido da shi. Abinci a bakin ƙofarsa nake ajiyewa in yi gyaran murya in juya, shara kuma sai ya fita nake shiga. In yana son wani abu sai ya fuskanci bango ya ce, "Masu gida, da za a samu ruwa." Ni ce masu gidan.

Abin dariyar shi ne su Fulani ne, ni kuwa Babarbariya ce, kuma ba ni da aiki sai tsokanar Fulani. Mai nono ba ta wuce ƙofarmu ban ce mata ta tsuga ruwa a kindirmo ba, ita ma ta rama da cewa bayinsu sun yi ƙiba sun manta iyayen gijinsu. Maigidana kansa bai tsira daga bakina ba. Amma a gaban Baffa sai in zama kurma. Shekara goma sha shida bakin nan nawa da kowa yake kuka da shi bai taɓa wuce "ina kwana" da "Allah ya ƙara lafiya" ba.

Baffa dillalin shanu ne a kara. Kafin ya zauna a gari kiwo ya yi, ya kora shanu a ƙasa zuwa garuruwan da ni sai a bakin direbobi nake jin sunansu. Har ya tsufa da ƙafa yake zuwa kasuwa. In mai napep ya tsaya masa sai ya ɗaga sanda ya ce a bar wa masu ciki. Maigidana ya ba ni labarin yadda yake aiki: sauran dillalai baki suke buɗewa su duba haƙori, su shafa tozo, shi kuwa tsugunnawa yake yi a gindin sa ya kama agara ya matsa, ya duba kofato, sannan ya miƙe ba tare da hannunsa ya taɓa ƙasa ba. Haka zai yi ta yi daga hantsi har la'asar, tsugunna, miƙe, tsugunna, miƙe. A gida ma a tsugunne yake alwala, a tsugunne yake shan fura. Ban taɓa ganin ya nemi kujera ba, kuma ban taɓa kawo wa raina cewa wannan wani abu ne da za a iya rasawa ba.

Wata damina zazzaɓin taifot ya kayar da shi. Sati uku yana kwance, har da ƙarin ruwa. Da ya tashi ya rame, amma Larabar farko, ranar da kara take ci, ya ɗauki sandarsa zai tafi kasuwa. A nan muka shiga tsakani, kuma gaskiya ni na fi zaƙewa. Wata maƙwabciya ta taɓa yaɓa min magana cewa ɗansa direban tirela ne guda amma an bar tsoho yana gantali a rana, maganar ta tsaya min a wuya. Na zuga maigidana, ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakin ya ce, "Baffa, ka gama wahala. In dai ina numfashi ba za ka sake shiga kara ba." Baffa ya jingine sandar.

Na sayo farar kujerar roba na ajiye masa a zaure. Na ce wa bango liman ma ya ce mara lafiya ya yi salla a zaune. Buta cike a gefen ƙafarsa, ruwan sha a kusa da hannunsa, rediyo a kan cinyarsa. Har banɗakin waje na sa aka fasa tsohon bangon laka aka yi na siminti aka manna tayil mai sheƙi, don baƙi su gani. Unguwa ta ɗauka. Mata suna zuwa kawo ɗinki, don ni tela ce a gida nake aiki, suna cewa Allah ya ba su suruka irina. Na ji daɗin yabon nan, ba zan ɓoye ba. Har ƙara kumbura nake yi.

Watanni suka tafi. Na fara lura in zai tashi daga kujerar sai ya yi lilo gaba da baya sau biyu, sau uku, kafin ya miƙe, hannu a gwiwa. Na ce tsufa ne. Wata rana ma murmushi na yi, na ce a raina ashe Bafulatani ma yana sabawa da hutu.

Ranar da abin ya faru maigidana yana hanyar kudu da lodin shanu, yara suna makaranta. Da hantsi Baffa ya ɗauki buta ya shiga banɗaki. Ina kan keke ina haɗa wani siket. Na gama siket ɗin, na yanka hannun riga, sai na tuna ban ji ƙarar ƙyaure ba. Na dakatar da keken. Daga cikin banɗakin na ji nishi, irin na mai ɗaga buhu, sannan na ji tafin hannu yana zamewa a jikin tayil, buta ta faɗi ta gangara. Shiru. Can kuma nishin ya dawo.

Ya tsugunna ya kasa tashi.

Na miƙe da almakashi a hannu na tsaya a tsakar gida kamar an dasa ni. Wanda bai san irin gidanmu ba zai ce me ya hana ki tambaya ko lafiya? A wajenmu suruka ba ta san surukinta yana shiga banɗaki ba. Ko mun yi kiciɓis a hanya, ni kan kauce in yi kamar tsintsiya nake nema. In na ce "Baffa, lafiya?" na gaya masa ke nan na ji komai. In na fita na kira wani namiji a maƙwabta, kafin azahar duk layinmu ya san an ɗago dillalin nan daga kan masai da wando a gwiwa. Shi kuma na san ko zai kwana a nan ba zai kira ni ba. Inuwar katanga ta janye daga kan randa ta bar ta a rana ina tsaye. Sau huɗu na ji ya yunƙura.

Daga ƙarshe idona ya faɗa kan tabarya. Ƙyauren banɗakin na kwano ne, akwai sarari a ƙasansa. Na ɗauko ta na tura ta ciki a hankali, na ɗaga murya na ce, "Kai, kajin nan sun ishe ni!" alhali babu kaza ko ɗaya a wajen. Na shige ɗaki na ja keken ciki na sako labule, na yi ta taka shi babu ƙyalle a kai, don ya san ba na ji, ba na gani. Ƙafata tana takawa hawaye yana zuba. Da na fito bayan azahar na tarar da tabaryar a jingine kusa da turmi, an wanke ta tas.

Babu wanda ya tayar da maganar. Amma daga ranar kwanon Baffa ya fara dawowa da abinci. Tuwo ya gutsuri gefe ya bari, fura rabin kwarya, ruwan da na ajiye da safe in same shi da yamma yadda yake. Ni da saurin fushi sai na ɗauka girkina ne. Na sauya miya, na yi dambu, na yi ɗanwake, na aika aka sayo kindirmo mai kyau. Ko gezau. Na kira maigidana ina faɗa, na ce Fulani da iyayi, in abincina ne ba ya so a faɗa min. Sai da na yi kusan sati biyu ina wannan haukan sannan na lura da abin da yake gabana: a da sau uku yake shiga banɗaki a yini, yanzu sau ɗaya, wani lokaci sai ya tsallake rana. Yunwa da ƙishirwa yake sha don kada ya sake tsugunnawa. Na zauna a bakin murhu na rasa abin yi.

Akwai wata nas da nake yi wa ɗinki. Ta zo gwada riga, ta wuce ta zaure daidai lokacin da Baffa yake lilonsa zai tashi. Da ta shigo ta ce, "Maman yara, tun yaushe tsohon nan yake haka?"

Na gaya mata, har da kujerar, ina jiran ta yaba.

Ta ce, "Kun zaunar da shi ne. Naman cinyarsa ne ya zube, kuma ba tsufa kaɗai ba ne, zaman ne. Tsoho in ya kwanta ciwo ya tashi, tafiya ake sa shi, ba a hana shi. Ya riƙa tashi daga kujerar nan yana komawa, safe da yamma, ya riƙa takawa ko zuwa bakin layi ne. Ya ci wake da ƙwai da nama, ya sha ruwa. Yanzu zai iya dawowa. In kuka ƙara jinkiri ban sani ba."

Na ce, "Wa zai faɗa masa?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta, ta ce ɗansa mana.

Da maigidana ya dawo na zayyana masa. Ya yarda, ya tashi ya tafi ƙofar Baffa, ya durƙusa, ya gaishe shi, suka yi maganar farashin shanu da lalacewar hanya, ya dawo. Na ce ka faɗa? Ya ce, "Ta ina zan fara? In ce wa Baffa tashi, zauna, tashi, zauna, kamar ɗan firamaren da ya yi latti? Ke ma kin san ba zai yiwu ba." Washegari ya hau motarsa.

Tunda baki ya gagara sai na koma dabara. Na daina kai buta gefen ƙafarsa, na riƙa cika ta in bar ta a bakin randa. Kwanon abinci na daina ajiyewa a ƙofar ɗaki, na mayar da shi kan dakalin zaure. Kujerar na fitar da ita waje ƙarƙashin dalbejiya, na ce wa bango zaure ya yi zafi. Rediyo kullum sai in ce yana caji a can ciki, in ajiye shi a kan taga ta ƙarshe. Kowace rana ina ƙara nisan kaɗan. A banɗaki kuma na sa kafinta ya kafa wani ƙarfe a bango, na ce na rataye tawul ne, duk da a daidai gwiwa aka kafa shi.

Baffa ya tashi ya je ya ɗauki butarsa. Ina leƙensa ta bayan labule: kwanakin farko da hannu biyu yake bin bango, daga baya hannu ɗaya, daga baya yatsu kawai yake ɗorawa. Na tabbata ya gane, don wata rana na manta na kai masa butar kusa, sai ya tura ta da sanda gefe ya tafi randa ya ɗebi ruwa da moɗa. A sati na uku kwano ya dawo babu komai a ciki, har an suɗe. A satin ne kuma ya taka zuwa masallacin bakin layi ya yi la'asar. Na tsaya a zaure ina kallon bayansa, zuciyata kamar ta fito don murna.

Sai Goggo ta zo. Ƙanwar maigidana ce, tana aure a Nangere, yara suke ce mata Goggo ni ma na bi su. Ba ta yi waya ba. Ta shigo da rana tsaka ta tarar da mahaifinta a duƙe a tsakiyar gida yana jan ƙafa zai ɗauki buta, ni kuma ina zaune a inuwa a kan keke. In ni ce na shigo gidan wani na ga haka, abin da zan ɗauka ke nan, na sani. Ko sallama ba ta ƙarasa ba ta yar da jakarta ta ruga ta fizge butar.

"Innalillahi! Baffa, kai ne kake ɗaukar buta da kanka? Matar yaya, ashe abin da ake yi ke nan in ba ma nan?"

Na ce, "Goggo, zauna in yi miki bayani. Wata nas ce ta ce..."

"Nas ce ta ce a bar tsoho a rana ke kina inuwa? Ubanki ne za ki yi masa haka?"

Ta fita ƙofar zaure tana faɗa da kuka, mata suka firfito. Waɗanda suka ce Allah ya ba su suruka irina su ne suka tsaya suna riƙe haɓa. Wata ta ce dama ta ga an fitar da kujerarsa waje ta yi shiru ne kawai. Na dubi wajen Baffa, karo na farko a rayuwata ina roƙonsa da ido ya yi magana. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Amma me zai ce? Ya ce ƙafafuna sun mutu, yarinyar nan ce take tayar da su? Ya goyi bayan suruka a kan 'yarsa a gaban matan unguwa? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya isa haka," ya shiga ɗaki.

Kafin magariba maigidana ya kira daga hanya. Ya san gaskiyar maganar sarai, amma cewa ya yi, "Ki mayar da komai inda yake. Ba na son surutu." Mahaifiyata ma labari ya kai mata, ta kira ta ce kada in zubar musu da mutunci a gidan mutane, a ce ba su ba ni tarbiyya ba.

Ni da nake tsayawa in yi sa'insa da mahauci a kan ƙashi guda, na mayar. Kuma abin da har yau ban yafe wa kaina ba shi ne da fushi na mayar. Na ce to, tunda hutu ake so, za a ga hutu. Na dawo da kujera har bakin gadonsa. Buta biyu na ajiye maimakon ɗaya. Na sayo ƙaramin teburi na jera masa komai a kai yadda ko miƙa hannu ba sai ya yi sosai ba. Goggo nake so in ƙona wa rai, na manta a jikin wa abin zai ƙare. Ita kuwa kwana huɗu ta yi tana ba shi abinci a baki tana matsa masa ƙafa, ba ta bari ko tabarma ya taka ba, sannan ta koma gidan mijinta tana gaya wa mutane ta gyara zaman.

Da fushina ya huce na so in sake gwadawa a ɓoye. Na janye butar taku biyu kawai. Ya dube ta, ya dubi ƙofar zaure inda mutane suke wucewa, bai tashi ba. Ya yi taimama a jikin bango. Shi ma ya ji abin da aka faɗa a kaina, kuma ina jin ya yanke cewa ba za a sake zagina saboda shi ba.

Bayan wata biyu ko lilon ya daina tayar da shi. In maigidana yana gari shi yake ɗaukarsa ya kai shi banɗaki, su biyun kowa ya kau da kai. Amma kwana huɗu yake yi a gida ya yi goma a hanya, kuma in ya ajiye motar babu abin da za mu ci. An yi wa Goggo maganar ta ɗauke shi, ta ce gidan mijinta babu ɗaki, kuma ai ɗa namiji ne yake riƙe uba. Aka sayo bokiti mai murfi aka ajiye a gefen gado, ya riƙa zamewa ya hau da kansa, ni kuma in jira ya yi barci in ɗauke.

Wata azahar ina yanka atamfa na ji an ce, "Salamu alaikum." Na amsa na leƙa zaure, babu kowa. Aka sake yi, a hankali. Daga cikin ɗakin Baffa ne. Mutum yana cikin ɗakinsa yana yi wa gidansa sallama, don ba shi da wata kalmar da zai kira ni da ita. Na tsaya a bakin labule na ce, "Baffa, in shigo?" Bai amsa ba. Na shiga.

Yana ƙasa tsakanin gado da bokitin, bokitin ya kife, zaninsa ya jiƙe. Ya jawo wuyan rigarsa ya rufe fuskarsa da shi. Na durƙusa na sa hannu ɗaya a bayansa ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa na ɗaga, na shirya ƙarfina don nauyi sai na ji babu. Cinyar da ta kora shanu a ƙasa ba ta fi damtsena kauri ba. Ta cikin rigar na ji yana cewa, "Yi haƙuri, 'yar mutane. Yi haƙuri." Na so in ce ni ce zan ba ka haƙuri, ni na sayo kujerar, ni na mayar da ita. Na kwantar da shi, na ɗebo ruwan ɗumi, na yi abin da ya kamata in yi, fuskarsa a rufe har na gama.

Yau shekara biyu ke nan bai taka ƙasa ba. Nas ɗin ta zo ta duba shi sau ɗaya, ta lanƙwasa gwiwar ta miƙe ta, ta ce a riƙa juya shi kada bayansa ya yi gyambo. Ba ta ƙara cewa komai ba, ni ma ban tambaya ba. Matan unguwa sun dawo suna yabona, wai samun mai jinya irina sai an tona. In sun faɗa ji nake kamar in watsa musu ruwan bokitin.

Sau uku nake shiga a yini in juya shi, in goge shi, in sauya shimfiɗa. Hankalinsa garau yake, yana jin rediyo, yana tambayar maigidana yadda kasuwa ta ci. Amma da ya ji takuna a zaure sai ya kashe rediyon ya rufe ido ya saki jiki, har da ɗan minshari. Ina ganin fatar idonsa tana rawa. Sai in rage motsi, in yi aikina a hankali, in fita da sanɗa kada in tashe shi.